Wanda Ya Sayi Fili a Bosso, Me Ya Saya?

Duk wanda ya bi hanyar Zungeru daga tsakiyar Minna, ya ratsa Bosso, ya wuce Tudun Fulani da Rafin Yashi ya nufi Maikunkele, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina kula. Ga kunyoyin doya a jere, kowace da 'yar hular ciyawa a ka don kada rana ta ƙona iri, ga kuma harsashin gini a tsakiyarsu, bulo layi uku ko huɗu, an kafa turken siminti a kowace kusurwa. Can gefe wani ya riga ya rufa kwano ya tare, an shanya kayan yara a igiya, ko ƙyaure bai sa ba, labule ke tsare ƙofa. Bana gona, baɗi unguwa. Masu wannan gini galibinsu ba nan aka binne cibiyarsu ba. Akwai ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a fili, akwai malamin jami'a, akwai wanda ke aiki a Abuja amma hayar can ta fi ƙarfinsa, ya ajiye iyali a nan yana leƙo su ƙarshen mako, akwai ɗan kasuwa daga Kano ko Sakkwato ko Kontagora, ga Nufawa da Yarabawa da Ibo. Araha ce ta tara su. A ganina kuɗin da suka biya fili kaɗai ya saya musu, zaman da suke nema yana da nasa farashin daban, kuma a Bosso akwai dalilin da ke sa baƙo, musamman mai jin Hausa, ya daɗe bai gane haka ba.

Bosso ƙasar Gbagyi ce, mutanen da Bahaushe ke kira Gwari, haka ma Minna ɗin kanta. Baƙi kuwa jirgin ƙasa ne ya fara kawo su da yawa. A 1911 aka kammala layin dogo daga Baro zuwa Kano, kuma a Minna ne layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗu da shi, sai leburori da mahauta da 'yan koli da malamai suka yada zango a gindin duwatsun. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja aka ba Minna hedikwata, ma'aikata suka kwararo. A 1983 Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta buɗe a Bosso, kafin ta gina mazauninta na dindindin a Gidan Kwano kan hanyar Bida. A 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka. Tsakiyar birnin Minna tana cikin ƙaramar hukumar Chanchaga ne, wadda ba ta da faɗi, Bosso kuma ta kewaye ta kamar zobe, don haka duk lokacin da birnin ya miƙe ƙafa, a gonar Bosso yake sauke ta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bosso mutane ƙasa da dubu 150 kaɗan, kuma tun daga ranar ba a sake ƙirga 'yan Najeriya ba, sai dai kwanon rufi da ke ƙyalli a inda dā dawa ke kaɗawa ya ishi mai kallo shaida.

Wani abu makamancin wannan ya faru a Turai, kuma ya cancanci a ɗora shi a sikeli ɗaya da namu, domin can an yi shekaru ana nazarinsa. Tun daga shekarun 1980 iyalai 'yan Birtaniya suka fara sayen tsofaffin gidajen manoma a ƙauyukan Faransa, abin ya ƙaru a farkon shekarun 2000 da jiragen sama masu arahar tikiti suka fara sauka a ƙananan filaye irin na Bergerac da Limoges. Mutum ya sayar da ɗan ƙaramin gida a kudancin Ingila, kuɗin ya saya masa gidan dutse da rumbu da lambu a yankin Dordogne ko Charente, har ya yi ragowa. Hukumar ƙididdiga ta Faransa ta ƙiyasta yawansu a ƙasar da kimanin dubu 148 a 2016. Da bazara aka ga gidan aka yi sha'awarsa, amma da hunturu ake zama a cikinsa: rufi na yoyo, itacen ɗumama ɗaki na cin kuɗi, likita na nesa, kanti ɗaya tal kuma yana rufewa da tsakar rana, aikin yi babu sai saukar da masu yawon buɗe ido ko yi wa 'yan'uwa baƙi gyaran gida. Yara sukan shiga makarantar ƙauye, cikin watanni bakinsu ya buɗe da Faransanci, su zama tafintocin iyayensu a gaban likita da ofishin magajin gari. A ƙarshen 2008 darajar fam ta faɗi har ta kusa daidai da yuro, masu cin fanshon Ingila suka wayi gari lissafinsu ya rushe, da yawa suka sa gida kasuwa suka koma.

Darasin farko shi ne araha ba ta zuwa haka kawai, akwai abin da ya karya farashin. Gidajen ƙauyen Faransa sun yi araha ne saboda samari sun watse zuwa birane sun bar tsofaffi. Filin gefen Bosso ya yi araha saboda hanya da famfo da turken lantarki ba su isa can ba, kuma saboda mai sayarwa manomi ne da wata larura ta taso masa, ko asibiti ko aure ko kuɗin makaranta. Abin da mai saye ya rage a farashi, iyalinsa ne ke biya kullum da ɗai-ɗai. Minna a kan dutse take zaune, rijiya kan ƙafe tun kafin watan Maris ya ƙare, haƙa burtsatse kuma sai mai hali. Da sassafe za ka ga ɗan garuwa ya dafe kurarsa da ƙirji, jarkoki goma ko sha biyu a jere, yana tura ta a kan hanyar da ruwan damina ya zaizaye, uwargida kuma tana tsaye a ƙofa tana lissafin jarka nawa wanki zai ci, nawa girki, nawa wankan 'yan makaranta. Jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru ce, ana mata kirari da jihar lantarki, amma mai sabuwar unguwa sai ya haɗa karo-karo da maƙwabta kafin a kafa turke, wani lokaci har taransifoma. Shi ma mai aiki a Abuja ya ga tasa faɗuwar fam ɗin: da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, zuwa duk mako ya koma zuwa duk wata, matar da aka kawo garin da ba ta da kowa ta zama ita ce uwa ita ce uba.

Sai batun takarda, inda tazarar da ke tsakaninmu da Faransa ta fi fitowa fili. Can ba a cinikin gida sai ta hannun wani jami'in shari'a da hukuma ta naɗa, shi zai binciki asalin mallaka, ya tabbatar babu bashi babu magajin da aka tsallake, ya karɓi haraji, abin da kan kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kuɗin tsohon gida. Baƙi na ƙorafin tsada da jan lokaci, amma suna kwana da barci. A nan kuwa ciniki yakan faɗa ne a gindin mangwaro: dillali, mai fili, mai unguwa, shaidu biyu, a auna ƙafa 50 da 100 da igiya, a rubuta takarda da biro, a dangwala yatsa, a ba da la'ada da goro, a shafa fatiha. Mutane da yawa ba su san cewa tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ba. Abin da manomi ke da shi haƙƙin amfani ne, kuma sauya masa hannu na buƙatar amincewar hukuma, gwamna a yankin birni, ƙaramar hukuma a karkara. Idan gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Ga kuma gonar gado, wadda ɗa ɗaya kan sayar ba da sanin sauran ba, bayan shekara goma ƙannensa su girma su zo da tasu hujjar. Fuloti ɗaya mai iyayengiji uku ba baƙon labari ba ne a kotunan garuruwanmu. Wanda ya tsallake dagaci da hakimi da ofishin filaye don gudun ɗawainiya, ya sayi shari'a ne ya ajiye wa 'ya'yansa.

Amma duk waɗannan da kuɗi da haƙuri ana maganinsu. Abin da ya fi su nauyi harshe ne, kuma a nan ne labarin Bosso ya juya wa na Faransa baya. Baturen Ingila da ke ƙauyen Faransa kullum sai an tuna masa shi baƙo ne: wajen mai burodi, a asibiti, a taron iyayen yara, a kowace wasiƙar hukuma. Ko a garin Eymet, inda suka yi yawa har suka kafa kantunansu da ƙungiyar wasan kurket, ofis da makaranta da Faransanci suke magana. Wannan tuni yana da ciwo, amma yana da amfani, domin shi ke tilasta wa mutum ya koya ko ya san ya gaza. A Bosso mai gari ne ya koyi harshen baƙo. Dubi matar Gbagyi da ke shigowa Kasuwar Gwari da sassafe, ƙwarya cike da doya ko itace a kan kafaɗa, domin a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Da Hausa za ta yi sallama, da Hausa za a taya, da Hausa za ta ce albarka. Mai sayen kuwa yana iya shekara talatin a unguwar bai san yadda ake cewa ina kwana da harshenta ba, kuma ko sau ɗaya hakan bai taɓa hana shi biyan buƙata ba. Hatta sunayen wurare sun bi baƙo: Tudun Fulani, Rafin Yashi, Dutsen Kura, Gidan Kwano, Gidan Mangoro, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da irin su Kpakungu da Gbeganu da harshen Bahaushe ke sarƙewa wajen faɗa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, in ba haka ba da mun lura cewa a Hausarmu idan magana ta fito a karkace gwaranci muke ce mata, wato sunan mai masaukinmu muka mayar ma'aunin rashin iya magana. Yaron Gbagyi da ya tashi yana jin haka a makaranta da filin ƙwallo, ba abin mamaki ba ne ya fara jin nauyin harshen uwarsa. Sauƙin da Hausa ta ba baƙo shi ne ya rufe masa ido, har ya ɗauka tun da kowa na fahimtarsa, kowa ya karɓe shi ke nan.

Za a ce, to laifin me mai saye ya yi? Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya ba shi 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina a sashe na 43. Ba ƙwace ya yi ba, tayawa ya yi aka sallama. Kuma baƙin nan su suka kawo kasuwa da makarantu da asibitoci, su suka sa gonar da dā ba ta wuce buhun dawa ba ta zama dukiya. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk mai neman a kori baƙo daga Bosso bai san tarihin Minna ba, garin da tashar jirgi ta yi rainonsa. Sai dai halaccin ciniki ɗaya-ɗaya bai hana jimillarsu ta zama asara ga wani ba. Manomin da ya sayar da gona ya sayi babur, babur ɗin zai mutu cikin 'yan shekaru, filin kuwa yana ninka kuɗinsa a hannun wani, ɗansa kuma ya tashi ba gona ba sana'a, ya koma leburan gini ko maigadi a kan ƙasar kakansa. Faransa, wadda ba a zarginta da ƙin kasuwa, tun 1960 ta kafa hukumomin da ake kira SAFER, waɗanda ke da ikon shiga gaban mai saye idan za a sayar da gona, domin ta ci gaba da zama a hannun manoma. Mu ba mu da irin wannan birki. Sannan Gbagyi suna da dalilin fargaba da ba kowa ke da shi ba. Dokar 1976 da ta kafa Abuja a kan ƙasarsu ta fi faɗawa, an tashi wasu ƙauyuka, waɗanda suka rage kuma birni ya haɗiye su, har yau ana jayayya kan diyya da matsuguni. Wanda ya ga abin da ya sami 'yan'uwansa a Garki da Maitama, idan ya ga turken siminti a gonar maƙwabcinsa, ba lissafin ci-gaba ne zai fara zuwa masa ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, ita ce ta baƙon da zai ce ai shi ne abin tausayi. An haife shi a Bosso, uban ma wataƙila a nan aka haife shi, a nan yake biyan haraji, a nan yake zaɓe, amma ranar da ɗansa zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati ko shiga soja, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali, a tura shi wata ƙaramar hukuma da bai taɓa kwana a cikinta ba. Wannan ƙorafi na gaskiya ne, kuma aibi ne a tsarin ƙasar baki ɗaya, wanda ya hana wariya a sashe na 42 amma ya dawo ya gina rabon muƙamai a kan asali. 'Yan Birtaniya ma sun ɗanɗani irinsa. Ƙasarsu ta kaɗa ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, ta fita a ƙarshen Janairun 2020, sai ga mutanen da suka shekara ashirin a ƙauye suna layin neman katin izinin zama, sun rasa 'yancin zaɓen magajin gari, ɗaruruwan da ke kansila a cikinsu ba su da damar sake tsayawa, masu gidan hutu kuma aka ƙayyade musu kwana 90 cikin kowane 180. Amma a lura da waɗanda girgizar ba ta kayar ba: waɗanda suka iya harshen, suka shiga ƙungiyoyin ƙauye, 'ya'yansu suka yi aure a can, da yawansu takardar zama ɗan ƙasa suka nema suka samu. Haka abin yake a nan. Mai gari yana riƙe takardar asali da hannu biyu ne saboda ita kaɗai ta rage masa bayan gona ta tafi, harshe na tafiya, kasuwa na hannun wasu. Ba za a lallashe shi ya sassauta ba muddin yana ganin wanda ke neman a daidaita su bai taɓa taka ƙofar gidansa da gaisuwar mutuwa ba.

Shekarun nan ma sun rikita rabon da muka saba yi tsakanin baƙo da ɗan gari. Bayan sace ɗaliban Kagara a watan Fabrairun 2021 da na Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar, da hare-haren da suka addabi Shiroro da Munya da Rafi, dubban mutane sun gudo Minna da kewayenta. A watan Afrilun 2021 gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudo Gbagyi ne, manoman doya da dā suke cika kasuwannin Gwada da Kuta, yanzu suna raɓe a ɗakin haya ko kangon da mai shi bai gama ba, suna neman inda za su yi 'yar kunya goma. Ƙasar da za a ara musu kuwa an riga an yanka ta fuloti-fuloti, da yawa an kewaye an bar wa ciyawa ana jiran farashi ya tashi.

Nauyin farko a kan hukuma yake. Ƙaramar hukumar Bosso da masarautar Minna da ma'aikatar filaye ta jiha suna da ikon shata unguwa kafin a gina ta, a ware hanya da makaranta da maƙabarta da wuraren ibada, a kuma ware gonakin da ba za a yanka ba, a sauƙaƙa rajista yadda talaka zai iya, a daina amincewa da cinikin gonar gado sai magada sun hallara. Gwamnatin da ke kiran kanta ta manoma bai kamata ta zuba ido gonakin da ke bakin babban birninta suna ƙarewa ba tsari ba. Makarantun firamare na yankin kuma babu abin da zai hana su koyar da harshen Gbagyi ga duk yaron da ke ajin, ɗan gari da ɗan baƙo. Amma hukuma ba za ta je wa kowa suna ko jana'iza ba. Mai karatu, in kana cikin masu tara kuɗi don mallakar fuloti a Maikunkele ko Gidan Kwano, Allah ya sa albarka, ka je ka saya. Sai dai kafin ka tambayi dillali nawa ne, tambaye shi gonar wace ce, magadanta nawa, ina za su yi noma baɗi, sannan ka sa a kai ka gidan mai ita ka gaishe shi da harshensa, ko da kalma biyu ce ka koya a hanya.